Fadamun Kudancin Iraki: Bin Sawun Ruwa Ta Hanyar Ciyayi Da Hotunan Tauraron Ɗan'adam

A kudancin Iraki, a filin da ke tsakanin biranen Amara da Nasiriyya da Basra, kogunan Dijla da Furatu sukan rage gudu su bazu kafin su haɗu a garin Kurna su zama Shaɗɗul Arab. Wannan bazuwar ce ta haifar da manyan fadamun da Larabawa ke kira Ahwar, waɗanda suka kasu gida uku: fadamar Hawiza a gabashin Dijla, wadda ta tsallaka iyaka zuwa cikin Iran, da fadamar Tsakiya da ke tsakanin kogunan biyu, sai fadamar Hammar a kudancin Furatu. Ruwan saman da ke sauka a yankin ba ya kai milimita 200 a shekara, zafin watannin Yuli da Agusta kan kai digiri 50, ruwan da rana da iska ke ɗaukewa daga buɗaɗɗen tafki kuwa ya zarce zurfin mita 2 a shekara. Saboda haka duk koren da aka gani a wurin a tsakiyar watan Agusta, ruwan kogi ne ya raya shi.

Wannan hali ne ya sa fadamun suka dace da nazarin ruwa ta hanyar ciyayi fiye da yawancin wurare. A ƙasar da ake samun damina mai kyau, idan tsirrai suka ƙaru ko suka ragu, dalilan na iya zama da yawa: ruwan sama, ko kiwo, ko sare daji, ko sauyin irin shuka. A fadamun Iraki kusan dalili ɗaya ne ke juya komai, wato yawan ruwan da ya iso daga koguna da kuma lokacin da ya iso. Dogayen ciyayin ruwa irin su gabara da kacala, waɗanda suka mamaye fadamun, ba sa rayuwa sai saiwarsu tana cikin ruwa ko cikin laka mai danshi na tsawon watanni. Inda suke, ruwa ya daɗe a wurin, inda kuma suka ɓace, ruwa ya ɗauke.

Matsalar da ta kawo tauraro cikin zancen

Mai nazarin ruwa ya fi son ma'aunin da aka kafa a bakin kogi, wanda ke rubuta tsayin ruwa kowace rana, a kuma riƙa auna gudunsa lokaci zuwa lokaci. To amma tun daga yaƙin Iraki da Iran na 1980 zuwa 1988 yankin ya zama fagen daga, kuma bayan boren da ya tashi a kudu a 1991 gwamnatin Saddam Husaini ta rufe shi ga baƙi, ta kuma shiga aikin busar da fadamun da gangan, domin masu bore sun fake a cikinsu. An tayar da jingar ƙasa a gefen koguna don hana su malala, an toshe rassan Dijla da ke zuba cikin fadamar Tsakiya aka karkatar da su cikin wani ƙaton magudani, an kuma kammala babbar magudanar da ake kira Kogi Na Uku, mai tsawon kilomita 565, a ƙarshen 1992. A lokaci guda kuma madatsun da ke can sama, irin su Keban da Ataturk a Turkiyya da Tabƙa a Siriya, suna riƙe da ruwan Furatu. Mazauna fadamun, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga kamun kifi da kiwon ɓauna da yankan gabara, sun watse zuwa birane da sansanonin gudun hijira a Iran, suna ba da labarin abin da ya faru, amma babu wanda yake da ma'aunin da zai nuna girman ɓarnar. Shaidar da ta rage ita ce taskar hotunan Landsat, jerin taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoton doron ƙasa, wanda Amurka ta harba na farkonsa a watan Yulin 1972, kuma tun daga lokacin taurarin wannan jeri suke ratsawa ta kan fadamun ba tare da neman izinin kowa ba.

Yadda ake gane ganye daga sama

Ganye mai rai yana shanye jan haske domin sarrafa abincinsa, yana kuma mayar da kaso mai yawa na wani haske da ke gaba da ja wanda idon mutum ba ya gani. Na'urar tauraro tana auna hasken biyu daban-daban. Idan aka ɗebe adadin jan daga adadin wancan ɓoyayyen hasken, aka raba sakamakon da jimillarsu, sai a sami ma'aunin da ake kira NDVI, wanda ke tsakanin −1 da 1. Buɗaɗɗen ruwa kan faɗo ƙasa da sifili domin yana shanye ɓoyayyen hasken kusan gaba ɗaya, busasshiyar ƙasa kan tsaya kusa da 0.1, dajin gabara mai duhu kuwa kan haura 0.6. Da wannan ne ake rarraba kowane ɗigon hoto zuwa ruwa, ko ciyayi, ko ƙasa mai danshi, ko busasshen fili, sannan a ƙirga ɗigogin a mayar da su murabba'in kilomita. Ɗigon hoton Landsat na farko ya kai kusan mita 80, na taurarin da suka biyo baya daga shekarun 1980 kuwa mita 30 ne, kuma suna komawa kan wuri guda duk bayan kwana 16.

Abin da kwatancen 1973 da 2000 ya nuna

A 2001 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da rahoton da ya kwatanta hotunan 1973 zuwa 1976 da na shekarar 2000. A hotunan farko, tafkuna da fadamu masu riƙe ruwa duk shekara sun kai kusan murabba'in kilomita 9,000. A na 2000 abin da ya rage bai wuce kusan 1,300 ba. Fadamar Tsakiya ta rasa kashi 97 cikin 100 na faɗinta, Hammar ta rasa kashi 94, Hawiza kuwa sulusinta ne ya tsira, saboda kogin Karkha da ke gangarowa daga Iran bai daina zuba mata ruwa ba. Inda dā ake ganin duhun tafki da dajin ciyayi, sai hotunan suka nuna toka-tokan ƙasa da farin ɓawon gishiri, da miƙaƙƙun layukan jinga da magudanai waɗanda ba sa barin shakka cewa hannun mutum ne ya zana su.

Akwai abin lura a kan waɗannan alƙaluma. Sau da yawa akan karanta cewa faɗin fadamun ya kai murabba'in kilomita 15,000 zuwa 20,000, kuma wannan ba ƙarya ba ne, sai dai ya haɗa da filayen da ruwa ke mamayewa na ɗan lokaci idan koguna suka cika. Duk wanda zai ce kashi kaza ya ɓace ko kashi kaza ya dawo, wajibi ne ya fara faɗin wane faɗi yake aunawa da shi, kuma a wane wata aka ɗauki hoton, domin hoton Afrilu da na Satumba na shekara guda suna iya bambanta da dubban murabba'in kilomita. Saɓani mai yawa a tsakanin rahotannin da suka biyo baya daga nan ya samo asali.

Hotunan sun kuma taimaka wajen raba laifi tsakanin dalilai biyu da suka cakuɗe. Madatsun sama sun rage ruwan sannu a hankali tun daga shekarun 1970, kuma hakan ya bayyana a matsayin janyewar gefunan fadamu. Rushewar fadamar Tsakiya da ta Hammar kuwa ta auku ne cikin 'yan shekaru kaɗan a farkon shekarun 1990, kuma iyakar busasshen fili ta bi layin sababbin jinga daidai. Saurin sauyin da siffarsa a ƙasa su ne suka nuna cewa ayyukan cikin gida ne suka yi kisan, madatsun kuwa sun riga sun raunana wurin. Ko Hawiza da ta tsira ba ta zauna lafiya ba, domin an kammala madatsar Karkha a 2001, kuma zuwa farkon 2003 UNEP ta sanar cewa abin da ya rage na fadamun duka ya sauka zuwa kusan kashi 7 cikin 100 na faɗinsu na asali.

Dawowar ruwa

Da gwamnati ta faɗi a watan Afrilun 2003, mutanen yankin suka fasa jinga da hannunsu, aka buɗe wasu ƙofofin ruwa, aka tsayar da wasu injinan famfo. An yi sa'a shekarun da suka biyo baya sun zo da wadataccen ruwa daga tsaunukan Turkiyya da Iran. Babu wani tsari da aka bi, ruwa ya shiga duk inda ya sami hanya, don haka buƙatar bin diddigi ta ƙaru. A daidai wannan lokaci kuma, ranar 31 ga Mayun 2003, wani ɓangare na na'urar Landsat 7 ya lalace, hotunansa suka riƙa fitowa da ratsin giɓi da ke cinye kusan kashi 22 cikin 100 na kowane hoto. Tsarin sa ido da UNEP ta kafa ya dogara ne ga na'urar MODIS da ke kan taurarin Terra da Aqua, wadda ɗigonta mita 250 ne amma tana ganin wurin kusan kullum. An sadaukar da kaifin hoto domin a sami yawan kallo, kuma a ganina zaɓin ya dace da tambayar lokacin, wato ina ruwa ya kai a wannan makon. Farashinsa shi ne cewa ɗigo ɗaya na MODIS ya rufe hekta 6.25, don haka ƙananan hanyoyin kwalekwale da tsibiran gabara duk sun narke cikin matsakaicin adadi guda.

Abin da jerin hotunan ya nuna yana da daɗin gani. Da farko baƙin tabon ruwa ne ke bazuwa a kan busasshiyar ƙasa, bayan wasu watanni sai kore ya biyo shi daga gefe, domin irin gabara da saiwoyinta sun jure shekaru a cikin ƙasa. Zuwa ƙarshen 2006 ruwa da ciyayi sun rufe kusan rabin faɗin da aka auna a shekarun 1970. Wannan tazara tsakanin isowar ruwa da fitowar kore muhimmin abu ne ga mai nazari. Ciyayi suna ba da labarin ruwan watannin baya ne, kuma idan ruwa ya janye ba sa bushewa nan take, domin laka tana riƙe danshi. Mai son sanin halin yau sai ya duba buɗaɗɗen ruwa, mai son sanin ko ruwan ya zauna har ya amfanar kuwa sai ya duba gabara.

Abin da kore ya ɓoye

Nan ne lamarin ya fi buƙatar natsuwa, domin labarin farfaɗowa ya yaɗu da sauri fiye da yadda shaida ta ba da dama. Ma'aunin NDVI ba ya tantance irin tsiro. Gonar shinkafa da aka shayar da famfo a tsohuwar fadama tana ba da kore mai ƙarfi, haka nan shuke-shuken da ke jure gishiri waɗanda suka mamaye busasshen gindin tafki, haka nan ciyayin da ke yawo a saman ruwa mai tsayawa wuri ɗaya. Ta fuskar ruwa waɗannan abubuwa uku ma'anarsu daban ce ƙwarai, ɗaya ma alama ce ta cewa fadama ta mutu. Hanyar raba su ita ce a bi kowane ɗigo tsawon shekara a ga lokacin da yake yin kore da lokacin da yake bushewa, domin alkama da sha'ir suna kore a hunturu a girbe su kafin zafi, gabara kuwa tana kaiwa ƙololuwarta a watannin zafi. Hoto guda ɗaya, komai kyansa, ba zai iya yin wannan aikin ba.

Matsala ta biyu ita ce ruwan da ke ƙarƙashin ciyayi. Gabara tana yin tsayin mita da yawa, idan ta yi duhu na'urar da ke aiki da hasken rana ba ta ganin ko a cikin ruwa take tsaye ko a kan busasshiyar laka. Ma'aunin NDVI kansa ma idan ganye ya yi yawa yakan ƙoshi, ya daina ƙaruwa ko da ciyayin sun ninka. Tauraro mai aiki da rada, wato mai aika saƙo zuwa ƙasa ya auna abin da ya dawo, yana taimakawa a nan, domin saƙonsa yakan bugi ruwa ya sake bugun karan ciyawa sannan ya koma da ƙarfi, abin da ke bambanta ciyayin da ke cikin ruwa da waɗanda ke kan tudu, kuma ƙurar da ta yawaita a kudancin Iraki ba ta tare shi. Turai ta harba irin wannan tauraro, Sentinel-1, a 2014, amma a dajin gabara mai kauri saƙonsa mai gajeren zango ba ya ratsawa sosai, saƙo mai dogon zango ya fi shi. Ga kuma wuraren da aka ƙona ciyayi, waɗanda baƙinsu kan sa a ɗauke su ruwa idan ba a yi hattara ba.

Matsala ta uku, wadda ta fi duka nauyi, ita ce gishiri. Kafin madatsu, narkewar ƙanƙara a tsaunuka takan kawo babbar cikowa tsakanin Maris da Mayu, ruwan ya mamaye fadamun, ya wanke gishirin da ƙafewar ruwa ta tara, ya fita ta kudu zuwa teku. Madatsun sun daidaita gudun kogunan, wannan cikowa ta kusan ɓacewa, kuma da yawa daga wuraren da aka sake jiƙawa bayan 2003 suna da mashiga amma ba su da mafita. Abin ya zama tamkar tukunyar da ake ta ƙara wa ruwa tana kan wuta: ba ta ƙafe ba, amma gishirinta ƙaruwa yake. Gabara tana jure ruwan zartsi zuwa wani mataki, don haka hoto yana iya nuna kore alhali kifi ya ragu, ɓauna kuma ba ta iya shan ruwan. Tawagar da Curtis Richardson na Jami'ar Duke ya jagoranta tare da masana 'yan Iraki ta shiga fadamun ta ɗebi ruwa da ƙasa, kuma sakamakon da suka wallafa a 2005 ya nuna cewa farfaɗowar ba ɗaya ba ce: wasu wurare sun yi kyau, wasu kuwa gishiri ya yi musu yawa. Bayan farin 2008 da 2009, lokacin da fadamun suka sake tsukewa, an karkatar da ruwan babbar magudanar nan ta Kogi Na Uku zuwa yammacin Hammar don kada ta bushe. Ruwan nan wanda ya riga ya wanke gonaki ne, ɗauke da gishiri. A taswira faɗin fadama ya ƙaru, a ƙasa kuwa ingancin ruwan ya ragu, kuma babu wani ma'aunin kore da zai iya bayyana hakan shi kaɗai.

Daga faɗin ciyayi zuwa lissafin ruwa

Amfanin taswirar ciyayi ga mai tsara rabon ruwa yana fitowa ne idan aka mayar da faɗi zuwa yawan ruwa. Lissafin mai sauƙi ne. Idan fadama tana rasa zurfin mita 2 a shekara ta hanyar ƙafewa da numfashin ganye, to kowane murabba'in kilomita 1,000 yana buƙatar ruwa mita kubik biliyan 2 a shekara don kawai ya ci gaba da zama yadda yake, ban da ƙarin da ake buƙata don wanke gishiri. Rabuwar fili tsakanin buɗaɗɗen ruwa da dajin gabara tana shiga lissafin, domin yadda suke rasa ruwa ya bambanta daga wata zuwa wata. Taurarin Landsat suna auna zafin saman ƙasa ma, kuma tun da wurin da ke fitar da tururi ya fi kewayensa sanyi, ana haɗa zafin da ma'aunin kore a ƙiyasta yawan ruwan da ke tashi daga kowane ɗigo. Wannan ƙiyasi yana buƙatar tashar yanayi a kusa da ma'aunin gudun ruwa a mashigar fadama don a gwada shi, in ba haka ba kuskurensa yana iya kaiwa girman abin da ake son aunawa.

Wata shaidar ta zo daga tagwayen taurarin GRACE, waɗanda suka riƙa auna sauyin nauyin ƙasa har zuwa 2017. Sun nuna cewa tsakanin 2003 da 2009 yankin kogunan biyu da kewayensa ya rasa ruwa kusan kilomita kubik 144, kusan kashi 60 cikin 100 daga ƙarƙashin ƙasa. Ma'ana, a tsawon wannan lokaci, taskar da ke ciyar da fadamun ta ragu. Waɗannan taurari ba sa iya ganin fadama guda, domin ma'auninsu na ɗaruruwan kilomita ne, amma sun ba da mahallin da ya kamata a karanta koren a cikinsa.

Kayan aikin sun inganta sosai tun daga lokacin. An buɗe taskar Landsat kyauta a 2008, abin da ya ba masu bincike a jami'o'in Iraki damar nazarin ɗaruruwan hotuna maimakon biyu ko uku. Sentinel-2, wanda aka harba na farkonsa a 2015 da na biyu a 2017, yana ba da ɗigon mita 10 duk bayan kwana 5. Sai dai haɗa waɗannan da hotunan 1973 a jeri guda yana buƙatar daidaita na'urorin, domin wani sauyin da ake gani na na'ura ne kawai, tsohuwa ba ta ganin ƙananan tafkunan da sabuwa ke ƙirgawa.

A 2016 UNESCO ta sanya fadamun cikin wuraren tarihi na duniya, kuma wannan ya ɗora wa Iraki alhakin tabbatar musu da mafi ƙarancin ruwan da za su rayu da shi. Jerin hotunan shekarun baya-bayan nan yana hawa da sauka ne da ƙarfi: tsukewa a 2018, cika a 2019 bayan ruwan sama mai yawa, sannan mummunan fari daga 2021 zuwa 2023, bayan madatsar Ilisu ta Turkiyya ta fara riƙe ruwan Dijla. A fadamar da ke tafiya haka, matsakaicin faɗi na shekara ba ya faɗin komai mai amfani. Abin da ya kamata a fitar daga hotunan shi ne taswirar da ke nuna watanni nawa kowane wuri ya yi cikin ruwa, da shekaru nawa a jere gabararsa ta rayu, a ɗora ta a kan ma'aunin gishirin da aka ɗauka a wuraren a watan Satumba, lokacin da ruwa ya fi ƙaranci. Wuraren da suka riƙe ciyayinsu a 2009 da 2018 da 2022 kuma ruwansu yana da mafita, su ne ya kamata a fara ba wa kason da ake da shi a shekarar fari, ko da hakan zai sa jimillar faɗin da ake sanarwa ta ragu.